Muhawara: Wane Sani Ne Ya Kamata Yaron Kano Ya Fara Riƙewa?

Malamin firamare, Gwammaja:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Na zo da wata damuwa ce da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. An ɗora mini nauyin shirya tambayoyin gasar kacici-kacici da za a yi wa 'yan aji shida kafin hutu, aka ce tambayoyin su shafi tarihi da gine-gine da wasanni da abinci da nishaɗi. Kafin in rubuta komai sai na ga ya dace in gwada yaran tukuna. Na tambaye su ginin da ya fi kowanne tsawo a duniya, ban rufe baki ba hannaye suka tashi, aka ce Burj Khalifa da ke Dubai, har wani yaro ya ƙara da cewa tsayinsa mita 828 ne. Na tambayi ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na 2022, aji gaba ɗaya ya ce Ajantina. Sai na ce, to, wane sarki ne ya kafa Kasuwar Kurmi? Aji ya yi tsit. Wata yarinya da ke layin gaba, wadda na san mahaifinta yana sayar da kayan doki a cikin Kurmin, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, domin ta fahimci cewa ita nake kallo.

Abin da nake nufin yi shi ne in cire duk wata tambaya ta ƙasashen waje, in cika takardar da al'amuran Kano zalla. Amma kafin in yanke, ina so in ji ta bakinku.

Matashi, Kurna:

Wa alaikumus salam, Malam. Da girmamawa nake cewa ban goyi bayan wannan shawara ba. Yaran nan ba a cikin ganuwa kaɗai za su yi rayuwa ba, za su zauna jarrabawa tare da yaran Legas da na Inugu, wasu kuma za su fita ƙasar waje karatu. Yaron da ya san tsayin gini a Dubai bai yi laifi ba, ya nuna dai cewa yana riƙe abin da aka nuna masa. Da an nuna masa Gidan Rumfa sau goma a waya kamar yadda ya ga Dubai, da ya riƙe shi. Ni a ganina a raba tambayoyin gida biyu, rabi na gida, rabi na waje.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Fagge:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kai kuma ɗana na Kurna, maganarka tana kan hanya, sai dai ina ganin ku biyun kun ɗauka cewa akwai katanga tsakanin sanin gida da sanin waje, alhali a tarihin garin nan babu ita.

Ku ɗauki gyaɗa. Duk wanda aka ce ya ambaci abin da Kano ta yi suna da shi a ƙarnin da ya wuce, dalar gyaɗa zai fara faɗa, amma gyaɗa ba 'yar ƙasar nan ba ce, asalinta Kudancin Amurka, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita Afirka. Ta daɗe a gonakinmu ana yin ƙuli-ƙuli da mai da ita, ba ta zama babbar haja ba sai da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Turawan Ingila auduga suka sa rai za a riƙa lodawa, domin masaƙun ƙasarsu ita suke nema. Manoman Kano da fatakenta suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, ita kuwa auduga ba a ci, sai suka karkata gare ta. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, fataucin goro ya fara yi ta hanyar Gwanja kafin ya shiga sayen gyaɗa, wato da ƙwarewar tsohon fatauci aka riƙe sabon ciniki. Buhunan da suka taru suna jiran tarago su ne aka riƙa jerawa har suka zama dala. Ni na riski ƙarshen abin da idona. Na ga leburori suna hawa da buhu a ka, suna taka buhunan da ke ƙasa kamar matakala, wani yana sama yana karɓa yana daidaita kusurwa, sannan a lulluɓe da tamfol saboda damina. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma, su suka taru suka kwantar da ita.

To, Malam, wannan labari a wane ɓangare za ka sa shi, na gida ko na waje?

Malamin firamare, Gwammaja:

Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Sai dai gasa tana son tambaya gajera mai amsa ɗaya, ba dogon bayani ba. Tambayar da na sa a farkon takardata ita ce: a wace shekara Bagauda ya zama sarkin Kano? Amsa, 999.

Ɗalibar tarihi, Kabuga:

Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in yi magana a kan wannan tambaya, domin ta shafi abin da nake karantawa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, bai kawo shekarun Miladiyya ba. Abin da ya kawo shi ne sunan kowane sarki da adadin shekarun da ya yi yana mulki. Baturen nan Palmer, wanda ya fassara shi zuwa Turanci ya buga a 1908, shi ne ya yi lissafi da baya-baya har ya isa 999. Saboda haka idan aka sami kuskuren shekara biyu a nan, uku a can, cikin jerin sarakuna masu yawa, lissafin farkon zai goce. Shekarun sarakunan baya-bayan nan sun fi ƙarfi, domin akwai wasu rubuce-rubuce da suke tabbatar da su. Misali, zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya dace da zuwan Shehu Magili, wanda ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki, kuma tarihin Shehun sananne ne a wajen Kano.

Wani abu kuma, yaro zai iya ɗauka cewa a 999 aka fara zama a Kano, alhali binciken da aka yi a Dutsen Dala ya gano alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. Shi kansa littafin ya fara ne da mutanen Dala da Barbushe kafin ya zo kan Bagauda. Shawarata ita ce a gyara tambayar ta zama: bisa lissafin littafin tarihin Kano, wane ne sarki na farko?

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Fagge:

'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka, amma a nan ba mu haɗu ba. Mu da 999 aka koyar da mu, da ita muka koyar da 'ya'yanmu, kuma ita ce take rubuce a littattafan makaranta. Yaro ɗan shekara 11 yana bukatar turken da zai ɗaure saninsa a jiki. Idan tun yanzu aka ce masa wannan ma ba tabbas, wancan ma lissafi ne, zai tashi yana ganin tarihin garinsu tatsuniya ce, na Turawa kuwa gaskiya. Idan ya kai inda kika kai sai a warware masa.

Ɗalibar tarihi, Kabuga:

Baba, ina girmama ra'ayinka, kuma ban ce a jefar da shekarar ba. Abin da nake tsoro shi ne akasin naka: yaron da aka ba shekara a matsayin abin da ba ya motsi, ran da ya gano cewa lissafi ce, zai iya zargin duk sauran abin da aka koya masa. Kalmomi huɗu kawai nake roƙo a ƙara, wato bisa lissafin littafin tarihi. Ba su rage wa Kano daraja ba. Garuruwa kaɗan ne a Afirka ta Yamma suke da rubutaccen jerin sarakuna mai tsawo kamar namu, kuma wannan kansa abin da ya kamata yaro ya sani ne.

Magini, Ƙofar Wambai:

Salamu alaikum. Ni sana'ata gini, gadonta na yi, saboda haka zan tsaya inda na sani. Malam ya ce yaransa sun san dogon ginin Dubai, kuma na tabbata wasunsu sun san dalar Masar da hasumiyar Faris da aka gama a 1889. Babu laifi. Amma ina so a tambaye su da me aka gina ganuwar da suke wucewa ta gefenta kullum, wadda Sarki Gijimasu ya fara, aka ci gaba da faɗaɗa ta har zamanin Rumfa da bayansa.

Tubalinmu na gargajiya ba mai kusurwa huɗu ba ne kamar bulo. Da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke, a shanya shi a rana, sannan a jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Shi ya sa bangon yake da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, to, a nan gwanintar take: sai a riƙa ɗora ta tana ɗan zarce 'yar'uwarta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Wanda ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai zai ga abin da nake faɗa. Wanda kuma ya je Zariya ya ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya ga iyakar inda wannan fasaha ta kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sana'o'in garin nan suke ciyar da juna. Laso, wato shafen da ake yi wa rufin soro don kada ruwa ya ratsa, da katsi ake haɗa shi, katsi kuwa daga gindin rijiyar marina ake kwaso shi, irin marinar Ƙofar Mata. Ana zuba masa gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Makuba kuma, da ake shafa wa bango, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta. Wato marini da majemi suna da hannu a rufin ɗakin da ba su taɓa hawa ba.

Kuma ginin ƙasa ba namu kaɗai ba ne. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, da ƙasa aka yi shi, kuma duk shekara mutanen garin suna fitowa gayya su yi masa yaɓe. Abin da ya raba mu da su ke nan. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, ran da aka daina sai ya fara zaizayewa. Ganuwarmu an daina yi mata gayya, aka koma ɗibar ƙasarta da yanka filaye a jikinta. Ina wucewa ta wasu wuraren in ga abin da ya rage bai kai tsayin kafaɗata ba, raina yana ɓaci.

Hajiya mai gurasa, Jakara:

Sannunku da muhawara. Jikata ce take karanta mini tana rubuta abin da na faɗa. Malam magini ya ambaci ɗorawa, sai na ce bari in tuna masa cewa ƙwayar da ke cikin wannan ɓawon nasa ita ce kalwa, da ita muke daddawa. Bishiya ɗaya ta gyara bango ta gyara miya.

Amma Alhaji na Fagge, maganar da ka yi cewa gyaɗa baƙuwa ce ta tsaya mini. Idan haka ne, me ya rage namu a cikin tukunya?

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Fagge:

Hajiya, da sauranmu da yawa. Gero da dawa da wake da kuɓewa duk 'yan Afirka ne, haka kuka da ɗorawa da goro. Amma masara da rogo da tumatir da barkono da dankali, duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso wannan ɓangare na duniya ba sai bayan 1492. Ki duba, Rumfa ya rasu a 1499, ke nan a fadarsa ba a ci tuwon masara ba, ba a kuma yi miya da attaruhu ba. Yajin wancan zamani masoro ne da kimba da citta. Ni kaina na tashi a lokacin da tuwon dawa ne abincin dare a yawancin gidaje, masara kuwa gasawa ake yi da damina. Sai da takin zamani ya yawaita sannan ta mamaye gonaki.

Hajiya mai gurasa, Jakara:

To, Alhaji, na karɓa, domin sana'ata ma shaida ce. Iyayenmu sun gaya mana cewa gurasa daga Larabawan da suka zauna a cikin birni aka koye ta, kuma unguwanninsu suna nan, Dandalin Turawa da Alfindiki, don a da Larabawa ake kira Turawa. Alkubus da alkaki ma sunayensu sun nuna inda suka fito. Shekara 40 ke nan ina tashi kafin asuba in hura tanderu, in jira jikinsa ya yi zafi, in ɗebo ƙullun da ya kwana ya tashi, in fyaɗa shi a bangon tanderun da tafin hannu. Gashin hannuna na dama ya daɗe da ƙonewa. Idan za a yi bandashe, a tsoma gurasar a ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, a zuba man gyaɗa da albasa da yaji. Alkamar daga gabas ta zo, gyaɗar da barkonon kuma, bisa lissafinka, daga Amurka. Amma ka je duk inda za ka je a duniya ka ce a ba ka bandashe, za a ce maka sai Kano. Malam, ka sa wannan a tambayoyinka.

Matashi, Kurna:

Hajiya ta gama magana. Ni ma bari in kawo nawa ɓangaren, domin na lura ana ɗaukar ƙwallo kamar ba ilimi ba ce. Yaran da suka san Ajantina ta ci kofi a 2022, sun san cewa Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta ta 1996, bayan ta fitar da Barazil da ci 4 da 3? Sun san cewa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009? A shekarar 2009 ɗin ce kuma Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Sai Masu Gida, wato Pillars ɗin, sun ɗauki kofin lig na ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina ƙwallo biyu a kofin duniya na 2014, ya kuma ci Aisland biyu a 2018, a Pillars ya yi suna kafin ya fita Turai. Ina roƙon kuma kada a manta da dambe da kokawa da langa, domin yaro ya san cewa kafin ƙwallo ta zo muna da wasanninmu masu ƙa'ida.

Ɗalibar tarihi, Kabuga:

Yaya, ka tuna mini da wani abu a ɓangaren nishaɗi. Mutane da yawa suna zaton sunan Kannywood kwaikwayon Nollywood ne, alhali namu ne ya riga fitowa: a wata mujallar fim ta Kano aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1990, shi kuwa Nollywood sai a 2002 ya bayyana. Kallon fim kuma ya daɗe a garin nan, domin tun 1937 aka buɗe silimar Rex, kuma ta gidajen silima ne finafinan Indiya suka shiga zukatan mutane, har tasirinsu ya fito a waƙoƙin finafinanmu. Ga kuma tashe da ake yi daga goma ga watan azumi, wanda wasan kwaikwayo ne cikakke tun kafin a san kyamara. Hawan Sallah na Kano kuwa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, kuma yawancin yaran sun taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu suna kallon Hawan Daushe.

Malamin firamare, Gwammaja:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yaga takardar farko. Yau da safe na sake shiga ajin, na rubuta bandashe a allo, na ce kowa ya faɗi abin da ake haɗa shi da shi, sannan muka ɗauko taswirar duniya muna neman inda kowane abu ya fito. Da muka zo kan gyaɗa na ba su labarin jirgin ƙasa kamar yadda Baba ya kawo shi, har aka buga ƙararrawar tara babu wanda ya motsa. Yarinyar nan ta layin gaba ta same ni a bakin ƙofa, ta ce ta tambayi mahaifinta, Muhammadu Rumfa ne ya kafa Kurmi, kuma ya ce in ina so in kawo 'yan ajin su ga yadda ake ɗinka sirdi.

Maganar 999 kuwa, Baba, ka yi mini haƙuri, zan ƙara kalmomin da ɗalibarmu ta roƙa, amma shekarar tana nan ban cire ta ba.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Fagge:

Ban canza ra'ayi ba, Malam, amma aji naka ne. Ina da wani tsohon hoton dalar gyaɗa da aka ɗauka a kusa da tasha, zan ba jikana ya kawo maka, ka kula mini da shi don gefensa ya fara cinyewa.

Magini, Ƙofar Wambai:

Malam, in ranar Alhamis ta yi maka, zan zo da tubali guda biyu da guntun azara, yaran su taɓa da hannunsu. Ka tanadar mini bokitin ruwa da wuri a bayan aji inda za mu kwaɓa ƙasa.